Ranar da na kunna wayoyin ofis gaba ɗaya

Oga ne ya ce yana so jadawalin tarukanmu ya riƙa hawa Google Calendar da kansa, ni kuma na ce aikin minti goma ne. Kun dai san bakina.

Da farko 401 ya yi ta dawo mini, lambar da Google ke mayarwa idan bai amince da shaidar shigarka ba. Wannan ba abin tashin hankali ba ne, shi token, wato shaidar shigar, awa ɗaya yake yi ya mutu, nawa kuwa tun kafin azahar ya cika. Na sabunta, sai 403, lambar rashin izini, wai izinin da aka nema calendar.readonly ne, na leƙe ta taga ban da shiga ɗaki. Na gyara. Sai 400, lambar kuskure a abin da na tura, kwanan wata bai bi tsarin RFC 3339 ba, wato ƙa'idar rubuta kwanan wata da lokaci. Nan ɗan bautar ƙasarmu ya leƙo ta bayana ya ce in liƙa Z a ƙarshen lokacin, shi kullum haka yake yi. Na liƙa, 200 ta fito, alamar komai ya tafi daidai, na tafi gida ina taku ɗaɗɗaya.

Ranar Alhamis aka haɗa ni da majigi a ɗakin taro, ga Oga, ga Hajiya akanta, ga baƙi biyu daga Abuja. Na gyara hula, na ce, "Ranka ya daɗe, dannawa ɗaya kawai." Na danna.

Wayar Oga ce ta fara ƙara. Sai ta Hajiya. Sai na baƙin, waɗanda ban ma san suna cikin jerin mahalarta ba. A 'yar manhajar da ɗan bautar ƙasa ya ba ni akwai sendUpdates=all, wato duk taron da aka taɓa sai an aika wa kowa imel, ni kuma na sa ta bi tarukan wata guda ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ta ɗora tabarau, ta shiga karantawa da ƙarfi, kalma kalma. "An mayar da taron kasafi ƙarfe sha ɗaya. Ɗan nan, wa ya ba ka izini?" Ashe Z ɗin nan agogon UTC ne, wato agogon da duniya ke auna lokaci da shi, mu kuma muna gabansa da awa ɗaya, goma ta zama sha ɗaya. Kafin in buɗe baki ta ƙara da cewa wurin taron ma babu. PUT, umarnin maye gurbin bayanan taro gaba ɗaya, aka yi amfani da shi, shi kuwa duk abin da ba ka sake turowa ba sharewa yake. Ina laluben Ctrl da C don in tsayar da ita, yatsuna na rawa, majigin yana haska wa kowa yadda nake danna V.

Amma wanda ya fi ƙona mini rai direban Oga ne. Makullin mota kawai ya shigo karɓa, ya jingina da ƙofa ya ƙi fita. Duk wayar da ta yi ƙara sai ya ce, "To fa." A hankali, yana girgiza kai. Mutumin da ni na buɗe masa imel, ni nake tuna masa lambar sirrinsa duk ranar da ya manta! Kafin la'asar ya kai labari wurin mai shayi cewa na yi wa wayar Oga kutse, yanzu har mai gadi Injiniya yake kirana yana dariya.

Gyaran bai kai shan shayi ba: +01:00 a madadin Z, PATCH, mai taɓa abin da ka turo kawai, a madadin PUT, sendUpdates kuma none, kada a aika wa kowa imel. Ɗan bautar ƙasa ya ce shi a tasa kwamfutar lafiya lau take aiki. Oga ya ce a ci gaba da sanarwa a WhatsApp tukuna.

Direban nan fa har yau bai biya ni kuɗin katin da na ranta masa tun azumi ba.