Kuregen Yosemite da Dutsen Dala

Gutsuren biredi ɗaya yarona ya jefa wa kurege, sai ga wata ma'aikaciya da ƙatuwar malafa tsaye a kanmu. Tana murmushi ta ce doka ta hana ciyar da dabbobin dajin, har tara ake ci. Wallahi raina ya sosu. Ni da na taso ana watsa wa tsuntsaye tsaba a tsakar gida da niyyar sadaka, yau a gaban iyalina ake koya mini zama da dabba.

A gandun dajin Yosemite ne, jihar Kalifoniya, cikin watan Mayu. Dala 35 muka biya kuɗin shigar mota. Akwai wani ruwa a can, daga ƙoƙuwar dutse yake zubowa, mita 739, hawa uku, fari fat kamar an warware rawani an sake shi. Tun daga nesa kake jin ruguginsa. In ka matso, feshin ya jiƙa ka sharkaf, sanyi har ƙashi, don ƙanƙarar kan tsaunuka ce ta narke. Zuwa Agusta sau da yawa ƙafewa yake, sai baƙin tabo a jikin dutsen. An shimfiɗa hanya har gindinsa, mai keken guragu ma yana isa. Ga jama'a maƙil, amma ko ledar alawa ban gani a ƙasa ba.

A hanyar komawa mita nake ta yi. Na ce tun 1890 suke taƙamar sun killace wurin, ai sai da aka fatattaki 'yan asalin kwarin da bindiga a 1851. Su wa za su yi wa wa'azi? Uwargida ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "Malam, yaushe rabonka da hawa Dala?"

Bakina ya mutu. Hawana na ƙarshe toshe hanci na riƙa yi, ga leda ko'ina, gidaje sun cinye har gindin dutsen. Dutsen Barbushe fa, inda labarin Kano ya faro. Badala kuwa kun fi ni sanin yadda aka yi da ita. Kududdufan da muka yi wasa a bakinsu an cike an dasa shaguna, shi ya sa da an yi ruwa mai ƙarfi sai lungu ya koma kogi.

Na san mai neman na cefane ba ta kurege yake ba, kuma muna da dajin Falgore da madatsar ruwa ta Tiga. Amma talauci ne ya yanka badala fuloti-fuloti? Masu hali ne suka yi, muna kallo. Ma'aikaciyar nan ta ba ni haushi, sai dai da Dala na da irinta ko guda biyar, da yau can zan kai yaron nan.

Da dare na kira Hajiya. Kafin in fara ba ta labari ta ce sati biyu famfo ko ɗigo, 'yan garuwa kuma sun ƙara kuɗin jarka. Bidiyon ruwan yana nan a wayata, ban tura mata ba.