Jirgin da Kawu ya yi wa shela

Tunda labarin ya riga ya zaga Aboabo har ya tsallaka Asawase a nan Kumasi, kowa yana ƙara masa nasa gishirin, gara ku ji daga bakin mai shi. Kuma tun yanzu in faɗa, jirgin bai kama da wuta ba, ni ma ban yi kuka ba. Wanda ya ce ya ga hawaye, ƙurar hunturu ce ta shigar mini ido.

Yayana boga, wato mazaunin Turai, shi ne ya jawo. Cikin duron da ya aiko daga Hambug, ƙarƙashin takalma da man shafawa da tsofaffin wayoyi, sai ga wani ƙaton kwali mai hoton jirgin yaƙi da sunana a jiki. Wai ya tuna lokacin da nake ƙera jirage da gwangwanin madara muna yara. Hurricane ne, jirgin Ingila na yaƙin duniya na biyu, an rage girmansa zuwa kashi ɗaya cikin 24. Na gaskiyar faɗin fukafukansa mita 12 ne da 'yan kai, don haka nawa ya ɗan haura rabin mita, ya kusa cinye teburin ɗakinmu. Ba a haɗe yake zuwa ba. Gutsattsarin roba ne manne a jikin firam, kowanne da lambarsa, sai littafin zane da takardar sitika.

Na duƙufa. In an yi isha'i sai in kashe fanka, don ko iska kaɗan ta kaɗa sai ƙaramin abu ya yi layar zana, in zauna da reza da samfefa da abin yanke farcen uwargida. Gam ɗin ba irin na takalmi ba ne, narkar da robar yake ta ɓangarorin biyu su zama abu ɗaya, in ɗigo ya zarce ka taɓa, shatin yatsanka ya zauna a jikin jirgi ke nan har abada. Gilashin matuƙi kuwa ba a kai masa supa gulu, tururinsa fari fat yake mayar da shi, da farin gam na kafintoci na ɗora shi. Ina faɗin wannan ne don a san wane irin hannu jirgin ya baro. Injin kaɗai, mai silinda 12, da bututansa da wayoyinsa, ya ci mini dare ba adadi, ga bindigogi takwas, huɗu a kowane fiffike. Da na gama sai littafin ya ce in ɗauko murfi in rufe su. Uwargida ta leƙo ta ce, "Wato duk wannan rashin barcin, abin da ba mai gani kake yi?" Ban tanka ba.

A cikin wannan hali Kawu ya shigo karɓar caja. Ya tsaya ya ƙura wa teburin ido, ni kuma daɗi ya ɗebe ni na shiga ba shi tarihi. Na ce masa irin wannan jirgin ya san ƙasar nan Ghana. Daga 1940, da Italiya ta shiga yaƙi hanyar tekun Bahar Rum ta zama haɗari, sai Turawan Ingila suka riƙa kawo jirage a cikin akwatunan katako zuwa tashar ruwa ta Takoradi. A can ake haɗa su, su tashi su bi ta Legas da Kano da Maiduguri, su ratsa Cadi zuwa Khartum, sannan su gangara Masar. Dubban jirage suka bi wannan hanya. Kawu yana jin Kano ya dafe ƙirji, don kun san ba a minti biyar da shi bai ambaci kakanmu da fataucin goro ba. Ya ce, "Ashe jirgin gida ne!" Na ce, "Kawu, amma wannan na ajiya ne, ba ya tashi." Wallahi na faɗa. Daidai lokacin wayarsa ta yi ƙara, ya fita yana "halo, halo", da cajata a aljihu.

Saura fenti, kuma babu shi a kwalin. Launin hamada nake so, ƙasa-ƙasa mai duhu da ruwan yashi a sama, shuɗi mai haske a ciki. Fentin irin wannan aiki a 'yan mitsi-mitsin gwangwanaye yake zuwa. Na tattake Adum na tattake Kejetia, kowa galan yake nuna mini, wata mai shago har da tambayar ɗaki nawa ne. A bes ɗinmu na ataya aka ce in je Magazin, unguwar makanikai da ke Suwame, wurin mastan fentin motan nan da kuka sani, wai hannunsa ba ya rawa.

Na isa Suwame da jirgi a kwali, na liƙe gilashin da salatif tun daga gida. Na yi wa masta bayani dalla-dalla. Na ce wannan ba ƙarfe ba ne, roba ce da tina mai ƙarfi, ruwan tsinka fenti, ke ci, a fesa sama-sama daga nesa, a bari ya sha iska a inuwa kafin a ƙara. Na nuna masa bayan jirgin, inda na gaskiyar yadi ne aka ɗaura a kan katako da bututun ƙarfe, ga layukan nan siri-siri an fitar da su a jikin robar, na roƙe shi kada fenti ya cike su. Ya saurare ni yana sakace. Ya ce, "Malam, ni da na fenta Benz tun kana makarantar allo? Je ka ci waakye ka dawo." Na bar masa littafin da takardar sitika don ya ga launi.

Da na dawo ban ga jirgi a benci ba. Yaronsa ya nuna mini sama. Yana can a kan rufin wani mataccen trotro, motar haya, cikin ranar azahar, wai don ya yi saurin bushewa. Aka sauko da shi. Ruwan yashin da na ce, ashe ragowar fentin tasi masta ya samu, wannan rawayan da ake shafa wa kusurwoyin tasi a ƙasar nan, ya malala shi har yana ɗiga. Ƙasa-ƙasan kuwa jan fentin da ake sa wa gindin mota ne don tsatsa. Tina ta ci robar, jikin jirgin duk ya yamushe ya yi ƙuraje kamar welen, wato gandar, da na gama taunawa a cikin waakye, layukan yadin ko alamarsu babu. Fiffiken hagu ya sunkuyo ƙasa, na dama yana nan a miƙe. Yaron kuma, Allah ya shirye shi, ya ga hoton kofi da ruwa a littafin, ya gane jiƙa sitika ake yi, sai ya jiƙa su duka ya manna, har da waɗanda ba na wannan samfurin ba, wai kyauta ya yi mini. Masta ya juya jirgin ya ce robar ce jabu, shi aikinsa ya fita, in cika masa kuɗinsa.

Na shiga pragya, keke mai ƙafa uku, da jirgi a cinya, don ya ƙi komawa kwalin, na lulluɓe shi da zanen uwargida. Na san ana suna a gidanmu ranar, niyyata in zaga ta baya in shige ɗaki. Sai na tarar mata sun tare ƙofar bayan da tukwanen tuwo da na shinkafa, ko kyanwa ba za ta wuce ba. Dole sai ta gaba, ta tsakiyar rumfa, inda aka jera kujerun haya har bakin kwata.

Taku uku na yi na ji lasifika ta yi ƙara. Kawu ne ya karɓe makirfo daga hannun maroƙi.

"Jama'a, a yi salati! Ga shi nan ya iso. Injiniyan da nake gaya muku. Ɗanmu ne, jikan mai goro, shi ya ƙera jirgin da zai tashi daga nan Aboabo sai Kano!"

Ashe tun bayan sallar Juma'a yake shela. Har da waɗanda ba a gayyata suna ba sun zo. Masu kiɗa suka ɗauka, wata gwaggo ta rangaɗa guɗa, wani ya liƙa mini sidi biyar a goshi, ta zame ta faɗa kan zanen, ba ni da hannun ɗauka. Yara suka buɗe fili da kansu, suna kora mutane baya, wai kada farfela ta sare wani. Ina cewa "Kawu, Kawu" ƙasa-ƙasa, shi kuwa ya kamo gwiwar hannuna ya ja ni har gaban layin manya. A tsakiyar layin, cikin farar babbar riga, surukina ne.

Na durƙusa da jirgi a hannu na gaishe su. Kawu ya fizge zanen.

Kiɗan ne ya fara tsayawa. Mai guɗar ta yanke a tsakiya. Fiffiken hagun nan yana kallon ƙasa, rawayan yana ƙyalli, warin tina ya doke warin turaren kowa. Surukina mutum ne mai kawaici, bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya gyara tabarau, ya duba sama, ya duba ƙasa, ya sa ɗan yatsa ya taɓa fiffiken, fenti ya biyo yatsan. Ya duba yatsan. Ya nemi inda zai goge, ga farar riga, sai ya bar shi a tsaye.

"Sannu da ƙoƙari. Ta ina ake zuba masa mai?"

"Ba ya shan mai, Baba."

"Batir ne ke nan."

"A'a, Baba."

Kawu ya kawo makirfo daidai bakina, don kowa ya amfana.

"To da me yake tashi?"

"Ba ya tashi, Baba."

Lasifika biyu aka ɗaura ranar, ɗaya tana fuskantar titi. Na ji muryata ta fita ta je ta bugi bangon makarantar Islamiyya ta dawo. Ba ya tashi, Baba. Surukina ya gyaɗa kai a hankali, yatsan nan yana tsaye har yanzu.

"Amma akwai inji a ciki?"

"Akwai, Baba. Silinda 12."

"Yana aiki?"

"Na roba ne."

"A buɗe mu gani."

"An manne murfin, Baba."

Ya yi shiru. Sannan ya ce, "To, Allah ya sa albarka," irin yadda ake faɗa wa wanda ya zo da labarin asara. Kun san filin jirgi a bayanmu yake. Daidai nan na Accra ya sauko zai sauka, ya bi ta kan rumfar da rugugi, kowa ya ɗaga kai ya raka shi da ido har ya ɓace bayan rufin kwano, sannan duk suka sauke kai a kaina. Wani yaro ya ce, "Wancan ba ruwansa da rawaya." Kawu kuwa ya ce a makirfo wai shi ma yaudararsa aka yi.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne mutumin nan mai hular jam'iyyar lema, wanda ko jana'iza da ita yake zuwa. Ba wanda ya kira shi. Ya taso daga layi na uku da faranti a hannu, ya zagaya bayan jirgin, ya nuna wutsiya da cokali. Sitikar wutsiya ratsi uku ce, ja da fari da shuɗi, alamar sojan saman Ingila, haka take tun kafin a haifi ubansa. Ya ce, "Jama'a kun gani? Tutar jam'iyyar masu giwa! Yanzu na gane inda kuɗin ya fito." Ya ce an ba ni kwangilar kamfen ne, jirgin na yaudarar matasan zango ne, kuma dama alkawuransu duk haka suke, ba sa tashi. Aka kwashe da dariya, har da tafi. Na fara cewa alamar ta girmi jam'iyyar da shekaru masu yawa, amma Kawu ya riga ya tafi da makirfo.

Mutumin da yake wannan magana, a zaɓen da ya wuce ni na gan shi da idona yana karɓar riga a taron masu giwa, ya cusa ta a ƙarƙashin ta lema. Shi ne ya ari tsanina da azumi zai gyara eriya, har yau tsanin yana gidansa, matarsa tana shanya a kai. In na tambaya sai ya ce ai maƙwabtaka ta wuce tsani. Shi ne kuma duk sunan da aka yi a layin nan sai ya tafi da leda biyu, ɗaya wai ta tsohuwarsa, tsohuwar da ke Tamale. Ranar ma na lura, da ya gama jawabinsa ya koma ya zauna, naman farantin makwabcinsa ya ragu. Irin wannan ne zai tsaya gaban surukina ya yi mini fassarar launi. Kuma tun ranar in ya hango ni a bes sai ya buɗe hannuwa, ya sauke na hagu ƙasa, ya taho yana tangaɗi. Mutum mai 'ya'ya biyar.

Masta ya aiko yaronsa sau ba adadi kan cikon kuɗi, na ce ya zo da kansa. Yaya boga ya kira yana son hoto, na ce kyamarar wayata ta lalace. Kawu bai dawo da caja ba.

Sannan a cikin hayaniyar ranar farfela ta cire, an ce an ga wani yaro da ita wajen Akwatia Line ya soke ta a tsinken tsire yana gudu. Mai fiffike uku ce, tana da ɗigon rawaya inda bai kamata ba. Wanda ya san ɗan waye, a karɓo mini, ba sai an ce daga wa ba.