Tsohuwar tuta da aikin da ya dace a ɗora wa matasa

A Amurka, idan tuta ta koɗe ko iska ta yayyaga bakinta, ba a jefa ta a bola. Dokar tuta da majalisar ƙasar ta amince da ita a 1942 ta tanadi cewa duk tutar da ta lalace har ba ta cancanci a ɗaga ta ba, a kawar da ita cikin mutunci, kuma an fi so a ƙona ta. Tun a 1937 ƙungiyar tsofaffin sojoji ta American Legion ta tsara yadda za a riƙa yin hakan, galibi a ranar 14 ga Yuni, wadda ita ce Ranar Tuta a can.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda 'yan sikawut suka rungumi wannan aiki. Matashin da ke neman matsayin Eagle, wanda babu na sama da shi a ƙungiyar, sai ya jagoranci wani aikin taimakon al'umma, kuma da yawansu kan zaɓi ƙera akwatin tattara tsofaffin tutoci, su ajiye shi a ɗakin karatu ko ofishin 'yan kwana-kwana. Idan akwatin ya cika, sai su naɗe kowace tuta ta koma mai kusurwa uku, shuɗin ɓangaren nan mai taurari yana waje, sannan su ɗora ta a kan wuta suna tsaye cikin natsuwa har ta cinye, daga bisani a binne tokar.

Wani zai ce wannan wuce gona da iri ne a kan ƙyalle, kuma ina ganin dalilinsa, domin ba tuta ce ke ciyar da mayunwaci ba. Sai dai ba bauta wa ƙyalle ake yi ba, ladabi ake koyarwa, kamar yadda ɗa nagari ba ya mayar da tsohuwar babbar rigar mahaifinsa tsumman goge takalmi. Yaron da ya bi gida-gida yana karɓar tutoci, ya nemi izinin hukuma kafin ya hura wuta, ya kuma gayyato dattawa su tsaya masa, ya koyi ɗaukar nauyin abin da yake na kowa da kowa, wanda a mafi yawan lokuta shi ne aka fi wofantarwa.

Akwai gyara guda da nake ganin ya wajaba. Yawancin tutocin yanzu da zaren roba ake yin su, ba auduga ba, kuma hayaƙinsu na da illa ga huhu, saboda haka bai kamata a tara yara a kewaye da irin wannan wuta ba. Gara a binne irin waɗannan a cikin akwati, ko a miƙa su ga masu sake sarrafa zare.

A Najeriya ma doka ta hana ɗaga tutar ƙasa idan ta lalace, amma ga su nan birjik a bakin ma'aikatu da makarantu, korensu ya dushe, farinsu ya yi dauɗa. Muna da 'yan sikawut, muna da masu yi wa ƙasa hidima da ake buƙatar su yi aikin raya al'umma duk mako, don haka babu abin da zai hana a ba su damar sauke irin waɗannan tutoci kafin kowace 1 ga Oktoba, hukumomin da abin ya shafa kuma su sayi sababbi.