Zafin ƙarƙashin ƙasa: Jos ba Kenya ba ce, amma tana da nata rabon

Da an taɓo batun samun lantarki daga zafin ƙarƙashin ƙasa, sai a kawo Kenya. Gaskiya ne, tun 1981 tashar Olkaria ke aiki, kuma yau kusan kashi 40 cikin 100 na wutar ƙasar daga tururin ƙasa take fitowa. To amma su a kan wata babbar tsagewar ƙasa suke zaune, inda zafin cikin ƙasa ke kusa da sama. Mu kuwa ruwan Wikki na Yankari digiri 31 ne kacal, wanka ake yi a cikinsa, duwatsun aman wuta na Kerang da Panyam kuma sun daɗe da yin shiru. Duk wanda ya yi mana alkawarin irin tashar Kenya a Filato, romon baka ne.

Abin da muke da shi ya fi wannan kusa. Mai jan ruwa da asubar hunturu a Jos ya san ruwan rijiya da ɗumi yake fitowa, alhali iska na yanka fata. Dalili shi ne mita kaɗan cikin ƙasa zafi ba ya hawa ba ya sauka, yana nan wajen digiri 22 rani da damina. Idan aka binne bututu aka haɗa shi da na'urar jan zafi, wadda aikinta irin na firji ne amma a juye, kowane ma'auni ɗaya na lantarki kan ba da uku zuwa huɗu na ɗumi.

Masu kiwon kaji nake hange. A makon farko 'yan tsaki na bukatar digiri 32 zuwa 35, shi ya sa ake kwana ana hura gawayi, ga hayaƙi, ga tsada. Haka manoman dankalin Turawa na Bokkos da Mangu, da ke karyar da kaya da kaka don babu ma'ajiya mai sanyi. Bututun nan zai iya rage musu zafin rumbu. Ga kududdufan kuza birjik a Bukuru da Barkin Ladi, su ma ana iya shimfiɗa bututu a cikinsu.

Matsala ba ta ɓuya ba: dutsen Jos akwai tauri, haƙa da tsada, na'urar kuma sai da wuta, wato sai an haɗa da sola. Amma masu haƙa burtsatse muna da su. Jami'ar Jos da cibiyar binciken dabbobi ta Vom su gwada a gidan kaji guda, su auna kuɗin gawayin da aka rage, su buga lissafin kowa ya gani.