Ranar da Tsohuwa Ta Karɓi Sitiyari a Hannuna

Duk wanda ya ga bidiyon nan a zauren WhatsApp na gida, don Allah ya daina turo min hoton dariya. Ga yadda aka yi.

A watan Oktoba muka yi hayar motar tafi-da-gidanka, mai gado da kicin da banɗaki a ciki, ni da Maman Yara da yaran da Kawu, muka nufi gundumar Parke a jihar Indiyana ta Amurka. Gadojin katako masu rufi 31 ne a can, kowace kamar an ɗora rumfa a kan rafi. Mun kwana a gandun Turkey Run, mun taka gadar Narrows ta 1882 da ƙafa, lafiya lau.

Washegari na ce a bar kwalta a bi hanyar ƙauye, ai ni na taɓa tuƙa bas daga Kano har Jos. Wata 'yar siririyar hanyar tsakuwa ta kai mu bakin wata gada. Sai a lokacin na ga allon tsayi. Motarmu ta haura ƙafa 11, ga na'urar sanyaya ɗaki a kanta kamar gammo. Ko da addu'a ba za ta shiga ba. Wurin juyawa babu, rami dama, gonar masara hagu, kuma motoci sun fara jeruwa a bayana, kowa da kyamararsa.

Kawu ya ce zai sauka ya duba min baya. Kun san Kawu. Sati uku ya ce zai yi, yanzu wata na biyar. Ko dala ɗaya bai sa a kuɗin mai ba, amma tun kafin mu fita gari ya cinye kilishin da aka aiko min, wanda na ɓoye a ƙasan kujera. Shi ne ya tsaya daidai inda madubi ba ya kamawa yana ihun "Taho, taho, akwai wuri!" Na taho. Tayar baya ta faɗa rami, tukunyar miyar Maman Yara ta kife a kan kafet. Da ya zagayo sai ya ce, "Yaro, ai dama na ce, ba hagu ba." Wallahi bai ce komai ba.

Sau bakwai ina gwadawa. Gumi har cikin takalmi, a wannan sanyin. Can sai ga wata tsohuwa Baturiya, ta kai sa'ar Hajiya, ta fito daga motar baya da ɗan karenta a hammata. Ta ƙwanƙwasa gilashi, ta yi murmushi, ta ce in matsa. Na matsa. Ta miƙo min karen. Ni! Na riƙe shi nesa da rigata kamar garwashi, yana lasar agogona, ita kuwa da hannu ɗaya ta fitar da tayar, ta yi ribas tiryan-tiryan har mahaɗa, tana ba ni labarin jikokinta. Mutane suka tafa. Autana ma ya tafa, na gan shi.

Maman Yara ta rantse ba ita ta tura bidiyon ba, alhali dariyarta ce ke tashi a ciki.

Gadar ko hotonta ban ɗauka ba. Masu motar sun cire kuɗin wankin kafet, sun ce manja ba ya fita. Kawu kuma yana tambayar ina za mu je a hutun Disamba.