Me marubutan Ibo ke nema a zamanin zuwan Bature?

Akwai masu ganin cewa marubucin Ibo da ya bar matsalolin yau ya koma ƙauyen kakanninsa na shekara ɗari da suka wuce, gudun gaskiya yake yi. Ga rashin tsaro, ga tsadar rayuwa, shi kuwa yana can yana ba mu labarin bikin sabuwar doya. Ni ban yarda da wannan zargi ba.

Bahaushe yana da Tarihin Kano, yana da jerin sarakuna da rubutun malamai na ajami da Larabci. Yawancin ƙasar Ibo ba haka take ba. In ka cire wurare irin su Onicha da Nri, garuruwan ba su da sarki guda. Taron dattawa, ƙungiyoyin sa'anni, masu muƙaman gargajiya da ƙungiyoyin mata ne ke tafiyar da gari, kuma da baki ake adana komai. Da Bature ya zo, shi ya riƙe alƙalami. Rahoton Di'o da wasiƙun 'yan mishan suka zama tarihi. Wanda ke son jin bakin mutanen da kansu, sai ya sake gina shi daga abin da tsofaffi suka riƙe, kuma ƙagaggen labari ne ya fi iya ɗaukar wannan kaya.

Chinua Achebe ya gane haka tun 1958, da ya fitar da Things Fall Apart. A ƙarshen littafin, bayan duk abin da mai karatu ya sani game da Okonkwo, jarumin labarin, Di'o yana tunanin mutumin zai iya samun sakin layi guda a littafin da shi Di'on yake shirin rubutawa. Achebe ya sha faɗin cewa littafin Mister Johnson na Bature Joyce Cary, wanda ya yi aikin mulki a Borgu kuma ya kafa labarinsa a Arewacin Najeriya, yana cikin abin da ya tunzura shi ya ɗauki biro.

Dubi abin da ya faru a Oloko, wani gari a ƙasar Ibo, a Nuwamba 1929. Tsarin Lugga na mulki ta hannun sarakuna ya samu fada da alƙalai da haraji a Arewa, ya zauna a kansu. A ƙasar Ibo bai samu ba, sai aka riƙa ɗauko mutum a ba shi takardar izini da hula, a ce shi ne sarki. An ɗora wa maza haraji a 1928. Shekara na zagayowa, ɗan aiken wani irin wannan sarki da ake kira Okugo ya shiga gidan wata mata mai suna Nwanyeruwa tana aikin manja, ya ce ta ƙirga awakinta da mutanen gidanta. Ta tambaye shi ko an ƙirga uwarsa. Suka kaure. Mata suka ɗauka su ma haraji za a ɗora musu, suka aika ganyen kwakwa gari-gari don kiran juna, dubbai suka fito, suka kewaye gidajen sarakunan takarda da waƙoƙin zambo, aka farfasa kotuna. Sojoji suka buɗe wuta, mata fiye da 50 suka mutu. Takardun gwamnati sun kira abin tarzomar Aba. Matan kuwa yaƙi suka ce sun yi. Tsakanin waɗannan sunaye biyu akwai littattafai goma da ba a rubuta ba tukuna.

Inda zan tsaya tare da masu suka shi ne idan marubuci ya mayar da da can aljanna. Ba aljanna ba ce. Ana jefar da tagwaye, ana ƙyamar osu, wato waɗanda aka keɓe wa abin bauta da zuriyarsu, kuma 'yan Aro, wani reshe na Ibo, sun yi fataucin bayi ta hanyar tsafin garinsu Arochukwu har Turawa suka kai masa yaƙi a 1901 zuwa 1902. Waɗanda suka fara shiga coci, da yawansu mutanen da al'ada ta wulaƙanta ne. Marubucin da ya ɓoye wannan, talla yake yi.

Batun gudun yau kuma, a tambayi duk garin da ake shari'a kan wa zai zama Igwe ko Eze, wato sarki. Sau da yawa in aka tono asalin kujerar, a kan takardar Di'o ake tsayawa.