Aski Ya Zo Gaban Goshi: Ga Gidan Da Ke Da Ɗan Ajin Ƙarshe

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Da ku nake, yayye da kuka riga kuka bi hanyar makaranta, da ku ƙannena da kuka taka ajin ƙarshe, na sakandare ko na jami'a. Iyayenmu in sun leƙo, bismillah, amma faɗan namu ne mu yara.

An ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, kuma shekarar ƙarshe haka take. Na ga ƙanne uku sun wuce ta a gidanmu, ni ma na wuce ta sau biyu. Abin da na ga yana kayar da ɗalibi a wannan shekarar, sau da yawa, shirun gida ne. Baba bai faɗi iyakar abin da aljihunsa zai ɗauka ba, don kada yaro ya karaya. Yaro bai faɗi cewa lissafi ya gagare shi ba, don kada ran Baba ya ɓaci. Mama ta ga komai amma tana jiran lokacin da ya dace. Kowa yana jin nauyin kowa, kwanan wata kuwa ba ya jin nauyin kowa. Wanda ya fi dacewa ya fasa wannan shirun shi ne kai, babban wa, ko ke, babbar ya, domin kun san yaren makaranta kuma kun san yadda ake durƙusawa a yi wa manya magana.

Bari in fara da laifina. Lokacin da ƙanwata ta yi rajistar jarrabawar fita, ni aka bai wa fom ɗin in duba. Na kalle shi a tsaye, waya a kunne, na ce ya yi. Ashe an juya haruffa biyu a sunanta na tsakiya, ranar haihuwarta kuma ta saɓa da wadda ke takardar haihuwa. Ba mu gane ba sai da ta samu gurbi, ta je tantancewa, aka ajiye takardun biyu gefe da gefe a kan tebur aka ce mata waɗannan mutum biyu ne. Ta kira ni muryarta na rawa, ta ce, "Yaya, sun ce in koma gida." Makonni muka yi muna zarya daga wannan ofis zuwa wancan, ana cewa mu dawo gobe. An gyara daga ƙarshe, amma ta shiga aji abokanta sun yi nisa. Minti biyar na zama da biro da sun hana duk wannan. Don haka a makon farko na shekarar, a fito da takardun yaro kaf, ta haihuwa, ta firamare, katin shaida, sakamakon baya, a shimfiɗa su wuri ɗaya a karanta suna harafi bayan harafi. A ɗauki hoton kowace a ajiye a imel.

Sai kalanda. Mutane suna ɗauka neman jami'a yana farawa ne bayan sakamako ya fito. A wurare da yawa ƙofar tana rufewa tun ɗalibi yana zangon farko. A Ingila, mai neman jami'ar Oxford ko ta Cambridge, ko mai son karatun likita, dole takardarsa ta shiga a tsakiyar Oktoba, kusan shekara guda kafin ya fara karatun. A Amurka jami'o'i da dama suna rufe karɓar masu neman wuri da wuri a farkon Nuwamba. A Sin kuwa kowa ya san ranar 7 ga Yuni ake fara babbar jarrabawarsu ta Gaokao, gidaje suna lissafin kwanaki tun daga nesa. Duk ƙasar da kuke, akwai irin waɗannan ranaku: rufe rajista, jarrabawar shiga, neman tallafin karatu, biyan kuɗin karɓar gurbi. Ku nemo su daga shafin hukumar da kanta. Saƙon da aka tura a zauren WhatsApp ba hujja ba ne. Ku rubuta su da babban rubutu a manna a inda kowa ke wucewa, kuma kowace rana ku ja ta baya da mako biyu, saboda ranar ƙarshe ita ce ranar da shafin rajista ke cushewa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu ga maganar da kowa ke gudu, ta kuɗi. Na san da nauyi ɗa ya tambayi mahaifinsa nawa yake da shi, kuma ban ce a tambaya haka gatsau ba. Ana iya cewa, "Baba, ga makarantu uku da yake so, ga abin da kowace za ta ci a shekara, wacce kake ganin za mu iya?" Ka ga an ba shi girmansa, an kuma samu amsa. Kuma in za a yi lissafi a yi shi cikakke. Kuɗin makaranta shi ne wanda ake gani, amma akwai ɗaki, abinci, zirga-zirga, littattafai, kwamfuta, data, da rashin lafiyar da ba ta sallama. A ninka da yawan shekarun kwas ɗin, a tuna akwai ƙanne a baya. Yaron da aka gaya wa gaskiya a watan farko yana da wata tara na neman tallafi ko sauya zaɓi. Wanda aka bari yana mafarki sai ranar biya aka ce masa babu, an karya masa zuciya, kuma ya daɗe bai manta ba. Idan bashin karatu za a ci, a karanta sharuɗɗansa tare, a san yaushe ake fara biya da abin da ke hawa kansa, kafin kowa ya sa hannu.

Zaɓin kwas ma haka. Kusan kowane gida yana son likita ko lauya ko injiniya, kuma ba laifi ba ne. Amma ku ɗauko sakamakon yaron na shekara biyu da suka wuce ku duba da idon gaskiya. Wanda ilmin sinadarai ke ba shi wuya tun aji huɗu, in aka tura shi likitanci don a faranta wa dangi, shi kaɗai zai zauna a ɗakin jarrabawa, dangin ba za su bi shi ba. Ku tambaye shi me yake so, sannan ku yi shiru ku saurara, ko da amsar ba ta yi muku daɗi ba. Kai ma ƙanena, "ina so" kaɗai ba ya isa. Je ka nemi mutum biyu masu yin aikin da kake buri, ka tambaye su yadda ranarsu take daga safe zuwa dare. Kuma a ajiye zaɓi na biyu da na uku, har da makarantar koyon sana'a ko kwalejin fasaha. Wasu suna ganin yin haka kamar rashin yarda da Allah ne. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali.

Game da karatun kansa, akwai abin da nake so ƙannena su ji, domin ni ban ji shi ba sai da na sha wuya. Maimaita karanta littafi yana sa mutum ya ji kamar ya iya, kuma jin nan yaudara ne. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa abin da aka haddace yana zubewa da sauri a sa'o'i da kwanakin farko, kuma bitar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka dunƙule a zama ɗaya. A 2006 kuma wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka bai wa ɗalibai rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu suka karanta a zama ɗaya sannan aka yi ta sa su rubuto abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda sai labari ya juya: masu gwada kansu suka tuna kashi 61 cikin ɗari, masu maimaitawa kashi 40. Ma'ana, ka rufe littafin, ka ɗauki farar takarda, ka rubuta abin da ya zauna. Ka nemo tambayoyin shekarun baya ka amsa su da agogo a gabanka. A nan yaya zai yi amfani ko da ya manta darasin: riƙe littafin kawai ka yi ta jefa tambaya.

Barci kuma ba lalaci ba ne. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar sa'a 8 zuwa 10 a kowane dare, kuma a cikin barcin ne ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya da rana. Wanda ya kwana ido biyu daren jarrabawa ya ɗebi ruwa ne da kwando. Waya ta kwana a wani ɗaki. Ku ma yayye ku ajiye taku, don ba zai yiwu kana latsa waya har ƙarfe biyu kana yi wa yaro wa'azin barci ba.

Gida kuma ya rage wa ɗan ajin ƙarshe aike da aiki, musamman 'ya mace, wadda sau da yawa ita ce ke tashi daga kan littafi idan aka ƙwala kira. Sa'a biyu a rana da kowa ya san ba a taɓa ta a cikinsu sun fi malamin gida mai tsada. Ban ce a mayar da ita sarauniya ba, a raba aikin ne a tsakanin sauran. Kwatance ma a bari. "Ɗan wane ya ci kaza" bai taɓa ƙara wa kowa maki ba.

Abu ɗaya zan faɗa da kakkausar murya: kada wani yaya ya biya kuɗi a saya wa ƙaninsa amsa. In an kama shi, sakamakon ya tafi. In ba a kama shi ba, ka koya masa cewa gidansu bai yarda zai iya ba, ka kuma tura shi jami'a da takardar da kansa ba zai iya karewa ba.

Ɗan ajin ƙarshe na jami'a shi ake mantawa da shi, wai ai ya girma. Alhali nasa askin ya fi zafi, don yana ɗauke da kundin bincike, da jarrabawa, da fargabar abin da ke bayan ƙofa. A 1994 wasu masu bincike a Kanada, Buehler da abokan aikinsa, suka tambayi ɗaliban ajin ƙarshe kwana nawa za su ɗauka su gama kundinsu. Matsakaicin amsarsu kusan kwana 34. Da aka ce to in komai ya lalace fa, suka ce kusan 49. Abin da suka ɗauka a zahiri ya haura 55. Ka ji, har mummunan zatonsu bai kai gaskiya ba. Saboda haka duk lokacin da ka ɗiba wa kundinka, ƙara rabinsa a kai. Ka riƙa kai wa malamin da ke duba ka babi-babi, kada ka jira sai ya yi kyau, domin shi ma yana da ɗalibai da yawa kuma zai iya tafiya a daidai makon da kake buƙatarsa. Ka ajiye aikin a wuri uku. Na ga abokin karatuna zaune a bakin matakala ya haɗa kai da gwiwa, an ɗauke jakarsa da kwamfutar da filashin duk a ciki, saura kwana goma a miƙa. Da ya tura wa kansa a imel, da asarar ta tsaya a kan kwamfuta.

Ka kuma je ofishin sashenku tun zangon farko ka duba sakamakonka daga aji ɗaya. Akwai waɗanda sai sun ɗinka kayan bikin yaye suke jin cewa ana binsu bashin wani kwas na shekara ta biyu, ko an manta ba a shigar da makinsu ba. Ka nemi malamai biyu da za su rubuta maka takardar yabo tun suna ganin fuskarka kullum. Bayan shekara biyu sunanka ya shige cikin ɗaruruwa.

Neman aiki ma a wannan shekarar yake farawa. Masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna a 1973 cewa labarin aiki ya fi zuwa ta hannun wanda aka sani sama-sama fiye da aminin kusa, saboda amininka abin da ka sani shi ya sani. To ka gaisa da mutane: wanda ka yi aikin koyon sana'a a ƙarƙashinsa, tsohon ɗalibin sashenku, abokin aikin yayarka. Yayye, wannan taimako ne da ba ya cin ko kwabo. Haɗa ƙaninka da mutum ɗaya ya fi tambayarsa kullum "yaushe za ka gama?", tambayar da ke sa wasu daina ɗaga waya.

Kuma ku sa ido. Idan yaro mai surutu ya koma shiru, ya daina cin abinci, barci ya ƙaurace masa ko ya yi masa yawa, yana cewa shi ba shi da amfani, kuma abin ya ɗauki makonni, kada a ce shagwaɓa ce ko raunin imani. A zauna da shi, a yi masa addu'a, a kuma kai shi wurin likita ko mai ba da shawara na makaranta. Idan ya ambaci cutar da kansa, ko da wasa, a ranar za a nemi taimako.

Autanmu ne a ajin ƙarshe bana. Makon da aka koma makaranta na kira shi, muka shimfiɗa takardunsa a ƙasa, na sa shi ya karanta sunansa da ƙarfi a kan kowace, yana dariya yana cewa Yaya ka cika tsoro. Da muka gama na gaya masa abin da nake so ya ji tun kafin ranar sakamako: in ya yi kyau za mu yi murna, in bai yi ba za mu zauna mu duba wace takarda za a sake, kuma ko ta yaya ya zo, ni zai fara kira. Ya yi shiru, ya ɗan sosa ƙeya, sannan ya ce, "To Yaya, tunda haka ne, akwai maganar lissafi."